Gwaji a Kaina

Babana wanzami ne a Gwagwalada. Toka da man gyaɗa yake shafa wa fatar da yake wasa aska a kai. Rannan wani oga ya kawo masa wani koren abu kamar sabulu na wasa aska. Washegari kuma akwai askin jariri.

Da la'asar ya shafa koren, ya wasa askar, sannan ya kira ni.

Inna ta ce, "Malam, ba ka san kaifin da zai ba ta ba."

Ya ce, "Shi ya sa. Kan ɗan wani ba wurin gwaji ba ne. Zauna, kada ka motsa."

Na ɗauke numfashi. Askar ta bi bayan kunnena. Ya shafa wurin, ya duba yatsansa, babu jini.

Har yau abin yana min ciwo. Amma da aka haifa min ɗa, shi na kira ya yi askin.