Benen Kan Kududdufi

Ka ce wanda za a cuta baƙo ne, ba ka san shi ba, bai san ka ba. To, saurari wannan.

A bayan wata tsohuwar unguwa akwai kududdufi, ramin da kakanni suka ɗebi ƙasar gina gidajensu har ya yi zurfin da zai shanye raƙumi. Wani mai jakuna, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana ɗibar ƙasa a wurin, ya nemi a bar masa shi ya cike. Mutane suka yi murna, don sauro ya ishe su. Ya yi shekara da shekaru yana zuba masa abin da gari ya zubar: toka, tsummoki, ɓuntun shinkafa, fasassun tukwane, ledoji, har da mushe. Da ramin ya cika, ya sa aka rufe shi da jan marmara, aka daɓe. Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta fito, wuri ya zama fili kamar kowane fili. Sai wani ɗan kasuwa daga wani gari ya saya a hannunsa, zai yi bene. Mutum ne mai taka-tsantsan, ya turo injiniya da ma'aikata su huda ƙasa su ga abin da ke ƙarƙashi kafin a sa harsashi, da sharaɗin in wuri bai yi ba ciniki ya warware. Mai jakuna ya tarbe su da tabarma da ruwan randa. Injiniyan ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, da can me ake yi a nan?" Ya ce, "Jakuna ke bi, ɗana. Ni da su muka tsufa a nan." Bai yi ƙarya ba, kuma wannan ya ƙara masa kwanciyar hankali. Masu ɗibar ƙasa kan bar wani siririn tudu a tsakiyar rami ba su taɓa shi ba, don jakuna su sami hanyar sauka da hawa. Wannan tudun yana nan a binne, shi kaɗai ya san inda ya bi. Ya ce musu gefe da gefe akwai laushin ruwan sama, injinsu zai kafe, ya riƙa nuna musu da sandarsa inda za su kafa ƙarfe. Duk inda suka huda, kan hanyar jakuna suka huda. Bututu ya fito da jar ƙasa mai tauri, suka zuba a buhuna, suka yi masa godiya suka tafi.

Aka gina bene, aka yi masa fenti, ya fi kowane gida a layin kyau. Mai jakuna ya sayar da jakunansa, ya koma sahun gaba a masallaci, aka fara kiransa shaidar aure da rabon gado. Ba ya bi ta layin nan, shi ke nan abin da ya rage. Gida ya yi ta sauya hannu, har wani malamin makaranta ya kama hayar ɗakunan ƙasa na baya. Malamin nan mijin autarsa ne. Ita da kanta ta zo ta gaya masa, tana dariya, ta ce, "Baba, ka huta da kewa, mun dawo kusa da kai. Tuwo zai iso maka da zafinsa." Ya sa mata albarka. Ranar da ya je ganin ɗaki, bai kalli labule ko gado ba. Ya ƙiyasta daga gindin darbejiyar da ke bakin kududdufin tun da can zuwa tagarta, ya gane tana kwana daidai inda ramin ya fi zurfi. Ya ga ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa. Ya ga tsaga a bango, siririya kamar zare, an shafe ta da siminti ta sake buɗewa. Ya ce wa surukinsa unguwar ba ta da iska, ya ce makarantar yara ta yi nisa, ya ce ya yi mummunan mafarki. Ya faɗi komai ban da abu guda, don abu gudan nan zai cire masa rawani a gaban surukinsa. Ya yi ta ce wa kansa zai faɗa bayan damina.

Wata safiya, bayan ruwa ya kwana yana zuba, yara sun tafi makaranta, tana cikin ɗaki tana ninke kaya, sai ɓangaren baya na benen ya zauna cikin ƙasa. Bai yi wata babbar ƙara ba. Tsohon yana cikin waɗanda suka fara isa. Ya durƙusa yana tono da hannu yana kiran sunanta, kuma ƙarƙashin bulo da siminti abin da ke fitowa cikin tafinsa baƙar ƙasa ce mai wari, da toka, da tsumma, da leda wadda ko launinta bai sauya ba. Babu abin da ya ciro wanda ba shi ya zuba ba. An fito da ita da rai, amma ba ta sake taka ƙafarta ba. Har ya mutu shi ke kai mata tuwo, kullum tana sa masa albarka, don mutane sun gaya mata faratansa sun ciccire wajen tono ta.

Bai taɓa ƙin ɗan kasuwar nan ba, ko fuskarsa bai riƙe ba. Amma ƙasa ba ta tambayar sunan wanda ke kanta. Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.