Jajibirin Aikin Baba Ilu

Tun da aka fito da allurar nan mai sa sankara kuka, ba wanda ya ƙara iya ɓoye ciwonsa a garin. Da safe aka yi wa Baba Ilu ita, domin sankarar mafitsarar da aka cire masa bara ta dawo, ta ɓuya a kaluluwarsa.

"Gobe kukan za mu bi mu ciro ta, Baba," in ji likita. Sai dai duk wayar da ta matso kusa da shi ita ma kan ɗauki kukan, kamar na gyare.

Da la'asar Baba Ilu ya je masallaci ya tarar sahu ya cika. Ya miƙa hannu ya janyo rigar amininsa Malam Tukur, don kada ya yi salla shi kaɗai a baya. Nan take wayar aljihun Tukur ta fara kuka. Tukur ya zare rigarsa daga hannun Ilu a hankali, ya matsa gaba.

Bayan sallama, daga nesa Tukur ya dafa ƙirji ya ce, "Allah ya sa a yi a sa'a, Ilu."

Alhali Baba Ilu bai faɗa wa kowa za a yi masa aiki ba.

Gida shiru, kamar kullum tun rasuwar matarsa. Ya zauna a tabarma, ya tuna likita ta ce gobe war haka tsit zai ji. Sai ya ɗora wayarsa a cinya, ya bar ta tana yi masa hira.