Rezo Har Ɗakin Suwaiba

Na shigo da akwatunan wifi uku, irin masu miƙa wa juna rezo, wato sabis ɗin waya. Katangar ƙasar gidanmu kauri gare ta, ba abin da ke ratsa ta.

Tun da ɗanmu Idrisa ya tafi haƙar zinariya Cibarakaten, bai kira ba. Kullum uwarsa Suwaiba sai ta ce, "Yana kira, Malam, rezo ne babu."

Ni ban iya lallashi ba, gyara na iya. Aka kafa ɗaya a zaure, ɗaya tsakar gida, ɗaya daidai kan gadonta.

Rezo ya cika ko'ina. Kwanaki suka wuce, wayar ba ta yi ƙara ba.

Yau na tarar ta cire akwatin ɗakinta, ta naɗe cikin zane.

"Mayar inda ka sayo, Malam," ta ce. "Yanzu wa zan ce ya hana shi kira?"