Na'urar Auna Farin Jini

Ranar da hedikwatar kamfani ta aiko wa reshen da na'urorin, Manaja ne ya fara maƙala tasa a ƙirjin kwat. Abu ne ɗan ƙarami kamar maɓalli, wai yana gane wanda mutane ke matsowa kusa da shi da wanda ake dariya idan ya yi magana. Kowa da tasa, ƙarshen wata a fitar da maki. Manajan da ma'aikata ba sa sakin jiki da shi kuwa, a sauke shi daga kujera.

Shi kuwa Manaja mutum ne da in ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, ko fanka sai ta rage ƙara. Ya gwada murmushi a madubin banɗaki, shi kansa bai yarda da abin da ya gani ba.

Duk da haka bai fasa barcin rana ba. Lokacin hutu na yi, sai ya rataye kwat a ƙusar da ke bayan Sakatariya, ya kulle ƙofa, ya miƙe ƙafa a kan tebur.

Da maki ya fito, Manaja ne na ɗaya a duk rassan kamfanin. Wai kullum a kewaye yake, ana dariya har da riƙe ciki. Nan take ya buga wa matarsa waya.

"Maman yara, kin ji ko? Ke kaɗai ce ba ki san darajata ba."

Kansa ya kumbura. Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai a watan, kwat ɗinsa ya fara saki a kafaɗa, kuma mai guga ya sha zagi a kan haka.

Na ƙarshe a maki shi ne Akanta, wani ƙato mai sanyin magana. Na'urarsa ta nuna lokacin hutu ko motsi ba ya yi, sai ka ce a bango aka kafe shi. Manaja ya kira shi gaban kowa.

"Malam, nan ofis ne, ba maƙabarta ba. Da ka koyi zama da mutane a wurina."

"Ranka ya daɗe, ai kullum ina ƙoƙari."

Sakatariya ta sunkuya ƙarƙashin tebur neman biro. A ranar aka sallami Akanta.

Wata na zagayowa makin Manaja ya faɗi warwas. Hedikwata ba ta ja magana ba, ta ce ya miƙa makulli. Yana kwashe kayansa, ya tsaya gaban Sakatariya.

"Wannan abin lalacewa ya yi, ko?"

Ta ciro kwat ɗin daga ƙusa, ta kaɗe masa ƙura, ta miƙa da hannu biyu.

"Lafiyarsa lau, ranka ya daɗe. Wanda ke rataye nasa kwat a ƙusa ya saka wannan in ka yi barci, yana kwaikwayon tafiyarka da tsawarka muna shan dariya, shi ka kora."