Injin Motar Ah-Tong

Motar tana can ƙuryar shagon Maigida Shih, baƙa, doguwa, irin wadda attajiran Taipei, babban birnin Taiwan, ke shiga. Wani mai kamfanin takalma aka saya wa, ta kwana biyu a gidansa, sai 'ya'yansa suka dawo da ita wai ba ta kai darajar ubansu ba. Tun daga nan take ajiye, rufin shagon yana ɗiga mata ruwa a kan bonet.

Liao Chun-mei ta zagaya ta tana taɓe baki. Ganye take sayarwa a kasuwar Lukang, kuma tun tana budurwa ba ta taɓa biyan kuɗin farko da aka faɗa mata ba. Wanda ya biya wannan ai ba ciniki ya yi ba, kyauta ya bayar.

"Gwanjo ce," in ji ta.

"Haba Uwargida Liao, wace irin gwanjo? Dubi kujeru. Har da direbanta ake bayarwa."

Direban na zaune a gaba da farar safar hannu.

"Cire shi ka rage min kuɗinsa. Mijina a tuƙin tasi ya yi furfura, ba zai zauna a baya kamar buhun shinkafa ba."

Ta ɗaga bonet. Injin ya karkace gefe guda, bututu ya tsage, ɓera ya yi gida a tsakiya. Maigida Shih ya sosa ƙeya.

"Wa ke duba inji? Tunda nake sayar da motocin nan babu wanda ya taɓa dawowa ya yi ƙorafin inji."

"Ba ka san mijina Ah-Tong ba. Sai ya duba injinka kafin ya gaishe ka."

Ta juya ta nufi ƙofa, ya kira ta. Ta sake juyawa, ya sake kira. A ƙarshe ko rabin kuɗin ba ta biya ba, kuma shi ya nemo motar kaya ya kai mata har tsakar gida.

Duk wannan wahala Ah-Kiau ce ta jawo, ƙanwar Ah-Tong. Tun da ya koma kan tudun bayan gari, ita ke kawo labarinsa, ko an tambaye ta ko ba a tambaya ba. Rannan ana cin abinci, dangi cike da tebur, ta ajiye kwanonta ta yi ajiyar zuciya.

"Jiya na ga Yaya. A ƙasa yake tafiya, takalmansa sun cinye. Kowa a wajensu da mota sai shi." Ta kalli Chun-mei da tausayi. "Matar Yaya, in abin ya yi miki nauyi ki bari. Ranar ziyara ni zan kai masa sabuwa fil."

Chun-mei ta san abin da hakan zai haifar. Har ta bar duniya za a riƙa cewa ita ce marowaciyar da ta bar mijinta a ƙasa sai da ƙanwarsa ta rufa masa asiri. Ta ce motar miji matarsa ke saya, ta ci gaba da cin shinkafarta.

Saura kwana kaɗan ranar ziyara. Ta kafa tamfal a kan motar saboda yayyafi, ta naɗe hannun riga. Ba ta iya karatun kirki ba, amma ta daɗe tana riƙe wa Ah-Tong tocila yana kwance a ƙarƙashin tasi yana zagin inji, don haka ta san abin da ke zama a ina. Ta kwashe gidan ɓera. Ta tallabe injin ta miƙar da shi, ta tokare shi da tsinken cin abinci. Ta dama garin shinkafa ya yi kauri ta liƙe bututun, ta naɗe shi da takardar azurfa ta cikin kwalin shayi. Wani maƙwabci ya leƙo da sigari a baki zai ba da shawara, ta kore shi da tsintsiya.

Ah-Kiau ma ta zo, wai wucewa take yi.

"Matar Yaya, kunu kike ba ta? Ba ta da lafiya ne?"

"Tana jin sauƙi. Ke fa, bakin naki?"

Ranar ziyara dangi suka hau tudu da dafaffiyar kaza da lemo da shayi. Aka share wurin, aka cire ciyawa. Aka sauke motar a gaban Ah-Tong, tana ƙyalli saboda Chun-mei ta bi duk inda ya koɗe da baƙar tawada.

Ah-Kiau ba ta kalli ƙyallin ba. Kai tsaye ta je ta ɗaga bonet, ta matsa gefe don kowa ya gani. Tsofaffi suka sunkuya. Babban kawu ya sa yatsa ya tura injin, ko motsi bai yi ba. Ya sake turawa da ƙarfi.

"Wadda aka saya wa tsohona bara, tun a hanya injin ya faɗo," in ji shi. "Wannan za ta kai shi ko'ina."

Ah-Kiau ta koma wajen kaza tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Chun-mei ta rufe bonet a hankali, ta durƙusa. "Tsoho, ga motarka. Ni na gyara, kada ka kwance min aiki. Kuma ban da gudu, ban da ɗaukar mata."

Sai ta ƙyasta ashana ta cinna wa motar takardar wuta a gaban kabarinsa, kamar yadda ake aika wa kowane mamaci kayansa, dangi suka ja da baya suna kallon hayaƙi yana tafiya da ita.