Allura a Ƙwaryar Ruwa

Daminar da tsawa ta kashe Baba a gona, na daina fita fili. Inna tana takaba, babu mai noma sai ni, ciyawa kuma tana cinye geronmu.

Wata la'asar maƙwabcinmu Malam Sule, mai koyarwa a firamare, ya same ni a zaure. Ya goga allura a mayen ƙarfen tsohuwar rediyo, ya ɗora ta kan ganye a ƙwaryar ruwa. Duk yadda na juya ƙwaryar, sai allurar ta koma arewa.

Ya ce, "Ƙasa ce ke janta. Akwai wasu ƙwayoyi masu cutarwa da ido ba ya gani, suna zubowa daga can wajen taurari. Wannan jan ne ke karkatar da su da yawa. Ya ma fi kare mu nan a kan mutanen ƙasashen ƙanƙara."

"Tsawa fa, Malam?"

"Ba ya tare tsawa, ba zan yi maka ƙarya ba. In hadari ya taso, ka bar gindin itace ka dawo gida."

Kowa cewa yake kada in ji tsoro. Shi ya faɗa mini inda kariya ta tsaya. Kafin magariba na nome kunya huɗu. Har yau yana cikin addu'ata.