'Yar Rum da Ubanta Mai Sauya Surukai

Ka ce mutumin ya sha wuya, ya yi hankali, ba zai ƙara ba. To, saurari wannan misali tukuna. A birnin Rum na zamanin dā an yi wata mace 'yar babban gida, ubanta dattijo ne a majalisar birnin, mutum mai son kujera kamar ransa. Ya daɗe yana gaba da wani gida mai yawan magoya baya, da ya ga gabar ba ta kai shi ko'ina ba, sai ya ba ɗan gidan auren 'yarsa don a shirya. Ta tare ba ƙauna ba ƙiyayya. Ta tarar da miji shiru-shiru wanda ya fi sakewa da itatuwan zaitun ɗinsa a kan mutane, da uwar miji mai kallon ta kamar 'yar leƙen asiri. Manya dai sun ɗaura aure sun watse, aikin sulhun kuwa a kanta ya faɗa. Ita ce mai kai tulun man zaitun zuwa gidan ubanta duk kaka ta ce saƙon mijinta ne, ita ce mai zaunar da 'yan'uwanta da dangin miji a kan akushi ɗaya, ta yi ta sa baki kafin magana ta yi zafi. Har ta haifi 'ya'ya maza biyu, har uwar mijin ta damƙa mata makullan rumbu, har ya zama in ubanta ya miƙe a majalisa mutanen surukinsa ne ke fara mara masa baya. Ana nan sai wani sarkin yaƙi ya dawo daga fagen fama da ganima da dakaru, ga shi matarsa ta rasu. Tsoho ya gani, yawunsa ya tsinke. Ya kira 'yarsa, wadda furfura ta fara tsiro mata, ya ce ta tattara kayanta, sarkin yaƙi zai aura mata. Ta ce, “Baba, ginin da na yi shekaru ina ɗora masa tubali, shi za ka rushe don ka hango benen wani?” Ya ce mata ba su san siyasa ba. A al'adarsu kuwa uba na da ikon zare 'yarsa daga ɗakinta, 'ya'ya kuma na gidan miji ne. Ta mayar da makullai, ta fito da akwatin tufafinta, ƙaramin ɗanta na riƙe da gefen mayafinta har bakin ƙofa.

Gidan sarkin yaƙi gida ne na marmara da bayi rututu, amma mai gidan ko sunanta bai riƙe ba, 'yar wane yake ce mata. Tsohon sunan gidan ubanta yake so ya jingina da shi, domin shi ba ɗan kowa ba ne, takobi ne ya ɗaga shi. Ta gane haka tun makon farko, ta je ta faɗa wa ubanta, ya kore ta da hannu kamar ƙuda, don a lokacin an ba shi kujerar hauren giwa ta manyan mahukunta da ya daɗe yana mafarki. Bai gama ɗumama ta ba sarkin yaƙi ya sami gindin zama a majalisa, ya ga tsohon ya zame masa kaya, ya sa aka tuhume shi da ƙulla makirci. Tsoho ya duba hagu da dama, babu mai tsaya masa. Wa zai aika? Ita dai. Ya ce ta je ta roƙi mijinta na fari. Ta cije leɓe ta tafi, takaici kamar ya kashe ta, ta tsaya a ƙofar gidan da ta yi shekaru tana ba da umarni, mai gadi ya rasa ko ya buɗe ko ya yi mata iso. Tsohon mijin ya karɓe ta a ƙarƙashin zaitun, ya sa aka kawo mata ruwa, ya kira yaran suka gaishe ta suna noƙewa kamar baƙuwa. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, sai ya ce, “Ke ba ki yi mini laifi ba. Amma in na miƙe a majalisa, in ce ina kare wa? Surukina?” Ranar shari'a ya zauna bai ce uffan ba, mutanensa ma haka. Aka ƙwace gidan tsoho da gonakinsa, aka yanke masa kora zuwa wani tsibiri. Kafin mako ya zagayo sarkin yaƙi ya aiko mata da saki ta bakin bawa.

Ita kaɗai ta raka ubanta bakin teku, ɗauke da gurasa da bargo, domin duk abin da ya yi uba ne. Ta gan shi ya rame, ta ce a ranta yau kam duniya ta karantar da shi, har tausayi ya fara sanyaya mata zuciya. Matuƙa na kwance igiya sai tsohon ya jawo ta kusa, ya rage murya, idonsa na ƙyalli. Ya ce, “An ce hakimin tsibirin nan yana da jiragen ruwa da yawa, kuma ba shi da mata. Ki shirya, zan aiko.” Ta dube shi, ta dubi teku, ta rasa ko ta yi kuka ko ta yi dariya. Ta dangwara masa gurasar a cinya, ta juya ta hau tudu ba ta waiwaya ba, yana ta ƙwala mata kira cewa ta yi tunani. Shi ya sa Hausawa suka ce hali zanen dutse ne, ba mai iya goge shi.